Sulen Zinariyar Burutus: Me Ya Kai Giram Takwas Dala Miliyan Huɗu, Me Kuma Ya Mayar da Shi Girka?

A ranar 29 ga Oktoban 2020, wani kamfanin gwanjon tsofaffin kuɗi na Landan, Roma Numismatics, ya sayar da wani ɗan sulen zinariya na zamanin Rumawa mai hoton Burutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe shugaban Rum Yuliyus Kaisar, a kan fam miliyan 3.24, kimanin dala miliyan 4.2. Nauyinsa giram takwas ne. Da maƙeri aka kai wa ya narka shi a ranar, zinariyar da za ta fito wajen dala 500 kawai za ta yi. Har zuwa lokacin, babu wani kuɗi na zamanin da da ya taɓa kai wannan farashi a gwanjo.

Ba a yi shekara uku ba labari ya sha bamban. A Janairun 2023 aka kama shugaban kamfanin a New York, daga baya kuma ya amsa a gaban kotu cewa takardun da suka nuna asalin sulen ƙirƙirarsu aka yi. Wanda ya saya ya sallama shi, sannan a watan Maris ofishin mai gabatar da ƙara na Manhattan ya miƙa shi ga ƙasar Girka cikin kayan tarihi 29. Wanda ya ji labarin daga nesa dole ya ruɗe: sulen na gaske ne, ba jabu ba, to me aka ƙwace? Kuma kuɗin Rumawa ne, me ya kai shi Girka maimakon Italiya? Amsar duka biyun tana komawa ga hoton da ke jikinsa da kuma ƙasar da aka tono shi.

## Sunayen kuɗin da darajarsu

Babban sulen zinariya na Rumawa sunansa aureus, wato "na zinariya" a harshen Latin. Yuliyus Kaisar ne ya fara buga shi da yawa, musamman a shekara ta 46 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam, don ya sallami sojojinsa. Awon Rumawa na libra, mai kimanin giram 327, ana fitar da sulalla 40 daga cikinsa, shi ya sa kowane ɗaya ke da kusan giram takwas. A ƙarƙashinsa akwai sulen azurfa mai suna denarius, kuma 25 ne ke yin aureus ɗaya. A zamanin sarki Agustus albashin soja na shekara denarius 225 ne, wato sulen zinariya tara. Daga nan za a gane cewa ba kuɗin cefane ba ne. Kuɗin albashin dakaru ne, da kyautar sarki, da sayen gonaki, da ajiyar attajirai.

Da hannu ake bugawa. A sassaƙa hoton a jikin hatimi biyu na ƙarfe, a sa ɗan guntun zinariya a tsakani, a doka da guduma. Fuskar gaba ita ke ɗauke da kan mutum ko na abin bauta, bayan kuma shi ke ɗauke da saƙo. Tun da kowane hatimi sassaƙar hannu ce, masana kan iya gane sulallan da suka fito daga hatimi ɗaya, kuma wannan na cikin hanyoyin da suke bi su bambance na gaske da na jabu.

Nauyin bai tsaya wuri ɗaya ba. Sarki Nero ya rage shi a shekara ta 64 Miladiyya zuwa sulalla 45 a libra, sarki Karakalla ya mayar da shi 50, har sarki Kustantin ya zo a farkon ƙarni na 4 ya kafa sabon sule, solidus, 72 a libra, mai giram huɗu da rabi. Wannan ne ya daɗe, ya yi kusan shekara 700 ba a taɓa ingancinsa sosai ba.

## Fuskar mai rai a kan kuɗi

Rum ta yi kusan shekara 500 tana jamhuriya, kuma babu kalmar da manyanta suka tsana kamar "sarki". Bisa tarihin da suke bayarwa, a shekara ta 509 kafin Miladiyya suka kori sarkinsu na ƙarshe. Saboda haka kuɗinsu na ɗauke da gumakansu, ko macen da ke wakiltar birnin, ko kakannin jami'an da aka ɗora wa aikin bugawa a shekarar. Mutum na iya yabon kakansa da ya rasu a jikin kuɗi. Sa fuskarsa shi kansa yana raye kuwa ɗabi'ar sarakunan gabas ce, magadan Iskandar mai girma, kuma Rumawa na kallon haka a matsayin alamar mulkin mutum ɗaya.

Kaisar ya karya wannan al'ada a farkon shekara ta 44 kafin Miladiyya. Sulallan azurfa suka fito a birnin Rum da fuskarsa, wasu da rubutun da ke cewa shi ne mai cikakken iko har abada. Cikin 'yan makonni, ranar 15 ga Maris, wasu 'yan majalisar dattawa ƙarƙashin jagorancin Markus Burutus da Gayus Kasiyus suka sossoke shi har sau 23 a zauren taro. Rumawa na kiran ranar tsakiyar wata Idus, kuma a Maris ranar 15 ce.

Shekara biyu bayan kisan, Burutus na gabas yana tara runduna don ya fuskanci Markus Antoniyus da Oktabiyan, magajin Kaisar. Kuɗin yaƙin an tatso su ne daga biranen Asiya Ƙarama da tsibirin Rodas, kuma maƙeran kuɗin na tafiya tare da sojoji. A nan aka buga sulen da ake magana. A bayansa akwai hula a tsakiya, wuƙaƙe biyu a gefe da gefe, a ƙasa an rubuta EID MAR, taƙaitaccen "a ranar Idus ta Maris". Hular ita ce pileus, wadda ake sa wa bawa ranar da aka 'yanta shi. Duk Barume da ya gani ba ya bukatar mai fassara: da wuƙaƙen nan biyu, a rana kaza, aka 'yantar da ƙasa. Marubucin tarihi Kasiyus Diyo, wanda ya rayu sama da shekara 200 bayan haka, ya bayyana wannan sule da ma'anarsa, abin da ba kasafai tsofaffin marubuta ke yi wa kuɗi ba.

Gaban sulen ne ya fi jawo muhawara. Fuskar Burutus ce a kai, da sunansa da laƙabin kwamanda mai nasara. Mutumin da ya kashe Kaisar da hujjar yana neman sarauta ya aikata ɗaya daga cikin abubuwan da aka zargi Kaisar da su. Tun yana matashi, wajen shekara ta 54 kafin Miladiyya, Burutus ya yi aikin buga kuɗi a Rum, kuma abin da ya sa a lokacin shi ne hoton gunkiyar 'Yanci da na kakansa da ake cewa shi ya kori sarki na ƙarshe. Wasu masana na ganin sauyin nan shaida ce cewa jamhuriyar ta riga ta mutu har a zukatan masu kare ta. Wasu na cewa lalura ce ta yaƙi: abokan gabarsa sun riga sun sa fuskokinsu a kuɗi, sojan wancan zamani biyayyarsa na ga wanda ke biyansa, mutanen gabas kuma sun saba ganin shugaba a jikin sule. Hujja ta biyun ba ta rushe ta farko ba, sai dai ta bayyana yadda aka kai ga hakan.

A Oktoban shekara ta 42 kafin Miladiyya aka gwabza a Filibi, a arewacin Girka ta yau. Burutus ya sha kashi ya kashe kansa. Ana kyautata zaton waɗanda suka yi nasara sun tattara kuɗinsa sun narka. Na azurfa wajen ɗari ne suka rage a duniya, na zinariya kuwa uku kacal aka sani. Ɗaya daga cikin ukun na da huda a sama, alamar wani ya taɓa ratayawa a wuya, kuma an sayar da shi a Zurik a 2022 kan kuɗin Suwizalan miliyan 2.2. Ƙarancin nan, haɗe da sanannen labarin da hoton ke bayarwa, su ne farashin.

## Abin da sarakuna suka riƙa faɗa

Daga Agustus, wato Oktabiyan bayan ya zama sarki, fuskar mai mulki ta zauna daram a gaban sule, bayan kuma ya koma allon sanarwa. Da ya ci Masar aka buga kada da rubutun "an kama Masar". Kalaudiyus ya sa ƙofar nasara da sunan Birtaniya. Bayan yaƙin ƙasar Yahudiya, Basfasiyan ya sa mace zaune cikin baƙin ciki kusa da tarin makaman ganima. Hadiriyan, wanda ya zagaya daularsa, ya buga jerin larduna a siffar mata: Afirka, wadda a wurinsu yankin Tunisiya ta yau ce da kewaye, ta fito a kishingiɗe da fatar kan giwa a kanta, hannunta a kan zaki, ga kwandon hatsi, domin daga can birnin Rum ke samun abinci mai yawa.

Sulallan farkon mulkin Nero sun cancanci a tsaya a kansu, saboda suna nuna rikicin cikin gida shekara bayan shekara. Ya hau mulki a shekara ta 54 yana ɗan shekara 16, mahaifiyarsa Agirifina ce ta share masa hanya. A sulen zinariya na farko, uwa da ɗa suna fuskantar juna, kuma sunan uwar ne a gaba, na sarkin an kai shi baya. A shekara ta 55 an jera su gefe ɗaya, Nero a gaba ya rufe rabin fuskarta, sunansa ya dawo gaba. Daga nan ba a sake ganinta a kuɗin Rum ba. A shekara ta 59 ya sa aka kashe ta. Ko da littattafan tarihi sun ɓace, mai jera sulallan nan zai karanta faɗuwar matar.

A ƙarni na 3, lokacin da sojoji ke naɗa sarki su kashe shi cikin 'yan watanni, rubutun da ya yawaita a bayan kuɗi shi ne "amanar sojoji" da "haɗin kan dakaru". Wannan ne ya sa masana ke gargaɗi cewa hoton sule sau da yawa buri yake nunawa ko roƙo, don haka ba a ɗaukarsa a matsayin rahoton abin da ya faru sai an gwada shi da wata shaida.

## Wa ke zaɓen hoton, wa ke kallo

Nan ma an rabu. Ɓangare ɗaya na cewa kuɗi shi ne kafar yaɗa labarai mafi isa ko'ina a daular da ta miƙe daga Birtaniya zuwa Sham, kuma fada ce ke tsara saƙon da gangan. Ɓangare na biyu na ganin an zuzuta abin: yawancin jama'a ba su iya karatu ba, rubutun Latin a taƙaice yake, kuma mai karɓar kuɗi nauyi da inganci yake dubawa. Akwai ra'ayi na uku da ke cewa jami'an gidan buga kuɗi ne ke zaɓen hotunan don su faranta wa sarki, kamar yadda maroƙi ke wasa ubangidansa a gabansa.

Akwai shaidar cewa mutane na kallo. Bayan mutuwar sarki Kaligula majalisa ta yanke a narka kuɗin tagulla masu fuskarsa. A kudancin Indiya, inda fataucin barkono ya kai zinariyar Rum, an tono sulalla da yawa da aka sare fuskar sarkin da kurfi. Game da zinariya musamman, tambayar rashin karatu ba ta da nauyi sosai, tun da masu riƙe ta hafsoshi ne da 'yan majalisa da manyan fatake, mutanen da sarki ya fi bukatar goyon bayansu. Sulen Burutus ma ga dakarun da za su shiga Filibi aka buga shi.

## Daga solidus zuwa dinari

Hoton ya bi addinin fada. Kustantin ya ci gaba da sa gunkin rana a kuɗinsa shekaru bayan ya karkata ga Kiristanci, sannan a hankali gicciye ya samu wuri a zamanin magadansa. Daular Rum ta gabas, mai hedkwata a Kustantiniyya, ita ce Rum ɗin da aka ambata a Alƙur'ani, kuma solidus ɗinta ne Larabawa ke kira dinar, sunan da ya samo asali daga denarius. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dinarin da ake ciniki da shi a Makka da Madina na Rumawa ne, wanda ya haɗa da na sarki Hiraƙal.

Bayan cin Sham da Masar, Musulmi sun ci gaba da amfani da shi, sannan suka fara kwaikwayonsa tare da cire sandar da ta gitta a gicciyen. Halifa Abdulmalik bin Marwan ya gwada sa hoton halifa a tsaye da takobi, sai a shekara ta 77 Hijira, wajen 697 Miladiyya, ya kawar da hoto gaba ɗaya ya sa kalmar shahada da ayoyi. A daidai waɗannan shekaru ne sarkin Rum Jastiniyan na Biyu ya sa hoton Annabi Isa a gaban solidus. Masana na saɓani kan wanda ya mayar wa wani martani, amma sun yarda cewa daulolin biyu sun ɗauki fuskar kuɗi a matsayin fagen bayyana aƙida. Dinarin Abdulmalik mai giram 4.25 shi ne awon da malamai da yawa ke lissafin nisabin zakka na dinari 20 da shi, da rubu'in dinarin da Malikiyya suka sa a matsayin mafi ƙarancin sadaki.

## Me ya sa Girka

A kasuwar kayan tarihi, abu na bukatar silsila kamar yadda ruwaya ke bukatar isnadi: wa ya mallake shi, daga hannun wa, tun yaushe. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana fasa-ƙwaurin kayan tarihi ce ta zama mizani, kuma ƙasashe irin su Girka, Italiya, Turkiyya da Masar na da dokokin da suka ce duk kayan tarihin da aka tono a ƙasarsu na hukuma ne. Abin da ake dubawa shi ne inda aka tsinci abu, ko da wata al'umma ce ta ƙera shi. Masu bincike a New York sun ce a Girka aka tono sulen Burutus aka fitar da shi ta ɓarauniyar hanya, sannan aka haɗa masa takardun da ke cewa ya daɗe a taskar wani basarake a Suwizalan. Da silsilar ta karye, sai ya zama kayan sata a idon dokar New York.

Masu tara tsofaffin kuɗi da dillalai na da hujjarsu. Suna cewa kuɗi an yi shi ne don ya yi yawo, miliyoyi aka buga, kuma sule ɗaya na iya fitowa a ƙasa ashirin, don haka da wuya a tabbatar da inda aka same shi. Sun ƙara da cewa mutane na tara kuɗin Rumawa tun ƙarnoni da suka wuce ba tare da rasit ba, kuma yawancin ilimin fannin daga taskokin masu zaman kansu ya fito. Masu tonon tarihi na amsawa da cewa kasuwar da ba ta tambaya ita ke tura mutane da na'urar gano ƙarfe su farfasa wurare da dare, kuma sule da aka raba da muhallinsa ya rasa rabin labarinsa. Suna kafa misali da taskar da aka samu a Tiriya ta Jamus a 1993 wajen haƙar gini: sulallan zinariya sama da 2,500, nauyin kilo 18.5, daga zamanin Nero zuwa na Saftimiyus Seferus. Saboda an tattara su wuri ɗaya, an iya sanin lokacin da aka binne su, wajen shekara ta 196, da irin kuɗin da ke yawo a lokacin. Da ɗaiɗai aka sayar da su, da wannan ya tafi.

Ingila ta bi hanya ta tsakiya. A 1992 wani dattijo da ke neman gudumar da ta ɓace a gona a Hoxne ya ci karo da taskar da ke da solidus 569 da dubban sulallan azurfa. Ya sanar da hukuma, masana suka zo suka tono, aka biya ladan fam miliyan 1.75 wanda ya raba da manomin. Dokar 1996 ta tsara abin: a kai rahoto cikin kwana 14, gidan tarihi na da damar saye a farashin kasuwa, a raba kuɗin tsakanin mai tsintuwa da mai fili. Masu goyon baya na cewa hakan na sa mutane su fito da abin da suka samu. Masu suka na cewa yana ƙarfafa farautar taska, kuma ƙasar da ba ta da kuɗin biyan lada ba za ta iya ɗauka ba.

## Abin da ya shafi mai saye da mai tsintuwa

Ga mai saye, shari'ar ta nuna cewa sahihancin sule da halaccin mallakarsa abubuwa biyu ne daban, kuma sunan babban kamfani ba ya maye gurbin bincike. Wanda ya biya dala miliyan 4.2 a gwanjon fili, a idon duniya, ya rabu da kayan. Dillalai yanzu na ƙara wa sule kuɗi idan za a iya nuna hotonsa a tsohon kundin gwanjo na kafin 1970. A ƙasan kasuwar kuma jabu ya yi yawa, musamman a intanet. Aureus na gaske, ko na sarkin da kuɗinsa suka fi yawa, dubban daloli yake yi, don haka wanda aka yi wa tayinsa a farashin nauyin zinariya yana da dalilin tsayawa ya yi tambaya.

Ƙa'idoji ma sun ƙara tsauri. Daga 28 ga Yunin 2025, dokar Tarayyar Turai kan shigo da kayan al'adu ta fara aiki gaba ɗaya. Abin da aka tono daga ƙasa wanda ya haura shekara 250 sai da lasisi, komai ƙanƙantar darajarsa. Tsofaffin kuɗin da suka haura shekara 200 kuma suka kai yuro 18,000 sai da takardar shaida daga mai shigowa cewa an fitar da su bisa doka. Dokar ba ta shafi abin da aka ƙera ko aka samu a cikin Tarayyar ba, amma ta shafi zinariyar da aka buga a Antakiya ko Kustantiniyya aka tono a Turkiyya, Siriya, Masar ko Libiya. Ƙananan dillalai na kukan cewa takardun sun fi ƙarfinsu, hukumomi kuma na cewa manufar ita ce toshe hanyar kayan da ake wawashewa a wuraren yaƙi.

Mai tsintuwa shi ne ya fi kowa dogara ga ƙasar da yake. A Ingila manomi na iya samun rabin kuɗin taska. A Girka abin na hukuma ne tun daga ranar da ya fito, doka ta tanadi lada ga wanda ya kai rahoto, wanda ya ɓoye ya sayar kuma yana iya fuskantar ɗauri.